Sunan da Manjo Bai Manta Ba

Ranar Asabar da ta wuce ɗana ya buɗe sabon gwangwanin man takalmi a tsakar falo, yana shirin komawa makaranta washegari. Ina ƙofar kicin da ludayi a hannu lokacin da ƙamshin ya iso ni, na tsaya cak har miya ta fara kamawa. Na daɗe ban ji shi ba. Ƙamshin kakana ne, mahaifin babana.

Bari in gaya maka tun da wuri, ba za ka ji sunansa daga bakina ba. A gidanmu ba a faɗinsa. Matansa ba su faɗa ba har suka koma ga Allah, 'ya'yansa ba sa faɗa, surukai kuwa ko kalmar da ta yi kama da shi sai sun kewaye ta. Mutanen unguwa Kofur suke ce masa, mu jikoki mu ce Kaka. Yana da sunan yanka da liman ya raɗa masa, amma ba shi nake nufi ba. Akwai wani suna da mahaifiyarsa ta sa masa yana goye. Da shi take kiransa cin tuwo, kuma shi ya ba magatakardan soja ranar da ya gudu daga gona ya shiga kurtu. Mahaifiyar ta rasu yana can fagen yaƙi a ƙasar Bama, gaba da Indiya. Da ya dawo, sai sunan ya zama kamar an binne shi tare da ita. Ni a bayan rumbu na san shi. Wata 'yar baffana ce ta raɗa mini a kunne, muka watse da gudu kamar mun yi sata.

Garinmu yana kudu da Zariya kaɗan. Kowace Juma'a da hantsi Kaka yakan shimfiɗa buzu a ƙofar zaure, ya fito da takalman sojansa. Ba ya sa su, ƙafafunsa sun riga sun kumbura. Gogewa kawai yake yi: ya shafa mai da tsumma, ya tofa ɗan yawu, ya yi ta murzawa har sai ka ga inuwar darbejiya a hancin takalmin. Ni ce mai riƙe gwangwani. Uwargida yake ce mini, domin na fi sauran jikoki baki, ni kuma in ce masa tsohon miji marar kawo cefane. A nan nake jin labarin Manjo.

Manjo Bature ne, ɗan gidan sarauta a Ingila. Yadda Kaka ya bayar, gidan ubansa ya ninka fadar hakiminmu girma, ga dawaki, ga daji nasu na kansu inda ba mai harbin tsuntsu sai da izini. Amma ba shi ne babba ba, a al'adarsu kuwa babban ɗa ke kwashe gida da gona da sarauta, ƙarami ya nemi abin yi. Shi sai ya shiga makarantar hafsoshi. Ya iso barikin Zariya yana ɗan laftana, fuska jajawur kamar tattasai, ko sannu ba ya ji. A lokacin ba a ƙara wa hafsa girma sai ya ci jarrabawar Hausa, don haka ya duƙufa, har ya iya zagi kafin ya iya gaisuwa. Aka ba shi Kaka ya zama odalensa, wato sojan da ke kula da kakin hafsa da takalminsa da shayinsa, in an fita fagen daga kuma ya bi bayansa da bindiga.

Tare suka yi yaƙin Habasha da Italiyawa. Tare suka shiga jirgin ruwa zuwa Indiya, inda Kaka ya ce ya yi amai har ya ga tuwon da ya ci a gida. Kafin su kutsa dajin Bama laftana ya zama kyaftin, kyaftin ya zama manjo. Duk damina, in ruwa ya tsuge a garinmu mata suna ta tare indararo da bokitai, Kaka yakan dubi sama ya ce wannan yayyafi ne. A Bama, in ji shi, ruwa ba sauka yake yi ba, zama yake yi. Kaya ba sa bushewa, matsattsaku suna shiga har cikin takalmi, ƙarƙashin gora duhu ne da tsakar rana.

A bakin wani kogi harsashin 'yan Japan ya sami Manjo a cinya. Kaka ya goya shi, ya ratsa ruwa har ƙirji, ya yi ta tafiya da shi har ya iske masu magani. Wannan sashen na labarin bai taɓa jan shi da tsawo ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, mutumin ya yi nauyin buhun gero biyu, kuma duk hanya yana ba da umarni kamar shi ke ɗauke da Kaka. A asibitin sojoji suka rabu. Manjo ya riƙe hannunsa, ya ce masa da Hausa ba zai manta da shi ba muddin yana numfashi.

Daga nan shiru. Kaka ya dawo ya yi aikin gadi a tashar jirgin ƙasa har ya tsufa. Labarin Manjo yakan iso shi a gutsure, daga bakin tsofaffin sojoji in an haɗu wurin fansho: wai ya warke ya koma aiki, wai yana yaƙin daji a Malaya, wai yana horar da sojojin wani sarki a ƙasar Larabawa, wai ya zama kanar. Daga baya aka ce wansa ya mutu bai bar ɗa namiji ba, sarautar gidan ta faɗo kansa, yana zama a majalisar sarakunan Ingila. Kaka bai taɓa ƙara masa girma ba. A Manjo suka rabu, Manjo ya ci gaba da kiransa.

Abokan hirarsa na ƙofar zaure ba sa raga masa. Akwai wani tsohon tela da yakan ce, "Kofur, mutumin nan in ya gan ka a kasuwa ba zai gane ka ba. Ka ɗauke shi kamar jaki, ya sauka yadda ake sauka daga jaki."

"Ya yi alkawari," in ji Kaka, ya ci gaba da murza takalmi.

Amma in sun watse, ya rage daga ni sai shi, yakan sassauta murya. "Uwargida, ke da kike boko, kina jin ya tuna?"

Ni da ban fi aji biyu ba, me na sani? Sai in ce ya tuna mana. Yanzu na gane cewa tambayar nan ita ce abin da ya rage masa daga yaƙin. Lambobin yabo sun dushe, abokan tafiyarsa suna ta mutuwa. Abin da yake so ya sani kafin nasa lokacin ya zo shi ne, ko shi mutum ne a wurin wanda ya goya.

Babana likitan dabbobi ne. A farkon shekarun dubu biyu ya sami aiki a Doha, a bargar dawakin wani attajiri da ke bayan gari, ya kwaso mu. Muka zauna a Al-Sadd, hawa na uku, saman shagon wani Ba'indiye mai kayan miya, inda ƙamshin kori ke hawowa har ɗakin kwana. Doha ta lokacin tasi ce mai ruwan lemo da fari, da shatale-tale a kowace mahaɗa, da ƙarar injin haƙa tun asuba, domin ana ta shirin wasannin Asiya. Na iya cewa yalla da khalas, wato mu je da shi ke nan da Larabci, kafin in iya hanyar makaranta. Gidan bene ya yi mini ƙunci. Babu zaure, babu rumbu, babu tsohon da zan tsokana.

Mai kula da bargar wani dogon Bature ne mai sunan gida biyu a haɗe. Baba ya daɗe yana ganin sunan a ƙofar ofis yana jin kamar ya san shi. Wata rana suna tsaye a kan wata goɗiya mai ciwon ciki, sai ya tambaye shi ko wani nasa ya taɓa aikin soja a Najeriya. Baturen ya ce mahaifinsa. Yana raye. Ba ma wannan kaɗai ba, yana nan Doha, domin tun da matarsa ta rasu sanyin Ingila ya fara cin ƙirjinsa, ɗan ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinsa. Baba ya ce masa to, shi ɗan odalen da ya yi wa tsohon aiki a Bama ne. Baturen ya dafe kai, ya ce ai tun yana rarrafe ya san sunan mutumin nan, kullum a bakin tsohon yake. Baba ya yi sauri ya juya maganar kan goɗiya, don kada a faɗi sunan a gabansa.

Na tuna yadda ya shigo gida ranar, ko takalmi bai cire ba ya ɗauki waya. Sai da aka je aka kira Kaka zuwa wurin mai buga waya na bakin kasuwa. Na jiyo muryarsa 'yar ƙarama daga cikin wayar. Bai yi kabbara ba, bai yi dariya ba.

"Ɗansa ne ya faɗa," ya ce. "Sai na ji daga bakinsa."

Da sanyi ya shigo aka kawo shi. Ya haura tamanin a lokacin, kuma yanar ido ta rufe masa idanun biyu. Ya ce ba zai je ya laluba fuskar Manjo kamar makaho ba, sai an yi masa aiki tukuna. Aka yi. Ya yi makonni yana jinya a ɗakinmu, iskar teku mai sanyi na kaɗa labule, shi kuwa yana tsaye a taga yana gwada sabon idonsa a kan dogayen ƙarafunan gini. Ranar da likita ya sallame shi, Baba ya kai shi tsofaffin shagunan Mushairib, ya ɗaga gwangwani bayan gwangwani yana shinshinawa har ya sami irin man da yake so.

Aka gayyace mu shan shayi ranar wata Juma'a da la'asar. Kaka ya sa farar babbar riga, ya maƙala lambobinsa a ƙirji, sannan ya ce in kawo takalman. Baba ya roƙe shi ya bari. Ya ƙi. Sai da muka yi ta turawa mu biyu, yana cije leɓe, kafin ƙafar ta shiga.

"Taso, Uwargida," ya ce, ya dafa kafaɗata. "Zo ki ga mutanen da mijinki ya yi zamani da su."

Gidan yana cikin wata unguwa mai katanga da mai gadi. A gabansa ciyawa ce kore shar, wani ɗan famfo yana juyawa yana fesa mata ruwa. A baranda ga wani tsoho a keken guragu, bargo a gwiwa, gashin baki fari fat. Na yi tsammanin ganin ƙato mai nauyin buhu biyu. Wannan ko ni sai in ce zan iya ɗaga shi.

Kaka ya saki kafaɗata, ya miƙa mini sandarsa. Ya taka shi kaɗai har tsakiyar ciyawar, ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara.

Tsohon ya dafa hannun kekensa ya yunƙura. Ɗansa ya matso zai taimaka, ya ture shi. Ya miƙe da ƙyar, shi ma ya sara. Sannan ya buɗe baki ya kira sunan, da ƙarfi, daidai yadda ake faɗinsa a ƙauyen su Kaka.

Baba ya sunkuyar da kai. Kaka kuwa ya ce, "Na'am, ranka ya daɗe!" da wata muryar saurayi da ban san yana da ita ba. A daidai lokacin na jiyo haushin kare daga cikin gidan, da ƙarar farata a jikin ƙofa. Ba wanda ya kula.

Aka zauna. Hausar Manjo tsohuwa ce, ta bariki, ta yi tsatsa amma ba ta karye ba.

"Ina gajiya? Kai, ka tsufa. Ka yi muni."

"Kai ma ba ka ƙara kyau ba, ranka ya daɗe. Ina cinyar?"

"Tana gaishe ka duk lokacin sanyi."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe su. Suka bi matattu ɗaya bayan ɗaya, wanda zazzaɓi ya ɗauka, wanda kogi ya ci, sajen da ke ɓoye goro a cikin hula. Manjo ya ba da labarin Malaya da duwatsun ƙasar Larabawa, da mutuwar wansa, da babban gidan da yanzu ake ba da haya ga masu biki domin gyaran rufinsa ya fi ƙarfinsu. Kusan kowace jimla sai ya saka sunan, kamar mai tsotsar alewa. Kowane faɗi kuma sai in ji kukan nan a bayan ƙofa. Na lura, amma ban haɗa abu biyun ba.

Can Kaka ya yafito Baba ya matso.

"Ga ɗana na fari. Ka san mu ba ma faɗin sunan ɗan fari. Tun yana zanen goyo Manjo ake ce masa. Har yau ko abokansa haka suke kiransa."

Idon tsohon ya cika da ƙwalla. Ya kama hannun Baba ya riƙe. Ya ce, "To, ai ni ma..."

Bai ƙarasa ba 'yar aikin gidan ta turo ƙofa da faranti a hannu. Wani baƙin kare ya bi ta ƙafarta ya fito, babba, tsoho, da furfura a haɓa, ya yo kan teburin yana kaɗa wutsiya. Ɗan Manjo, wanda ashe shi ya kulle shi don ya san mu Musulmi ne, ya miƙe a fusace. Ya daka tsawa. Sunan ya kira.

Kaka ya zabura ya miƙe. "Na'am!"

Baturen bai ko dubi wajensa ba, karen yake kallo. Ya ƙara wata kalma ta Turanci, wadda Kaka ya sani tun daga bariki, wato a zauna. Kaka ya zauna. Karen ya zauna. Tare suka zauna.

Abin da na riƙe daga wannan lokacin shi ne ƙarar famfon nan a kan ciyawa.

Manjo ne kaɗai bai ga abin da ya faru ba. Yana dariya, hawaye na bin kumatunsa, ya ɗora hannu a kan karen yana shafawa. Ya ce abin da yake shirin faɗa ke nan. Da aka mayar da shi Ingila daga asibiti, in ji shi, ya yi watanni ba ya barci, ba ya magana da kowa. Mahaifiyarsa ta kawo masa ɗan kwikwiyo. Sai ya sa masa sunan, don kada rana ta fito ta faɗi bai faɗe shi ba. Da wancan karen ya mutu, na bayansa ya gaji sunan, haka har zuwa wannan. Da su ya je Malaya, da su ya je ko'ina. 'Ya'yansa da sunan suka koyi magana. Waɗanda suka mutu kuma suna kwance a ƙarƙashin wata babbar bishiya a bayan gidan ubansa, kowanne da dutsensa.

Ya faɗi wannan yana duban Kaka kamar wanda ya kawo tsaraba yana jiran a buɗe.

Ya kamata ka san yadda abin yake a wurinmu. Muna da karnuka a garinmu, na farauta da na gadi, kuma ba a zaluntar su. Amma kare ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar akushi. Sunan da ake sa masa na habaici ne, irin wanda maƙwabci zai ji ya san da shi ake. Ba a sa wa kare sunan mutum sai in ana neman faɗa da danginsa kaf.

Kaka ya daɗe yana duban dabbar da sabon idonsa.

"Duwatsun nan," ya ce a hankali, "an yi rubutu a jikinsu?"

"An yi mana. Da manyan baƙaƙe."

"Sunan da uwata ta sa mini."

Ba tambaya ba ce. Dariyar ta fara barin fuskar Manjo.

"Ranka ya daɗe, in soja ya ce wa ɗan'uwansa kare a bariki, wa ake kai wa shari'ar?"

Kaka bai jira amsa ba.

"Kai ake kawo wa. Ka taɓa kulle mutum a gadurum a kan haka. Ni na riƙe maka hula ranar."

Na ga hannun tsohon ya tashi daga kan karen, ya tsaya a iska. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta rushe haka ba, kamar katangar ƙasa da ruwa ya ci gindinta. Ya tuna, ka gane. Ya san wannan sarai a da. Ya riƙe sunan fiye da rabin ƙarni, ya bar abin da ya sani game da mai sunan ya zube a hanya.

"Wannan dabam ne," ya ce. "A wurinmu..." Sai Hausar ta ƙare masa.

Kaka ya ɗauki kofinsa ya shanye shayin har ƙasa, domin ba a barin abin da mai gida ya bayar. Ya yi wa ɗan Manjo godiya. Ya miƙa hannu na ba shi sanda. Ya ce, "Allah ya ƙara lafiya. Allah ya sa mu cika da kyau." Bai ƙame ba, bai sara ba.

Muna tsakiyar ciyawar na waiwaya. Manjo ya miƙo hannu, ya buɗe baki zai kira shi. Karen ya ɗaga kunnuwa yana jira. Tsohon ya dube shi, ya rufe bakinsa. Ba shi da wani abin da zai kira Kaka da shi.

A mota Baba ya fara, "Baba, ka san su Turawa..."

"Tuƙa motarka," in ji Kaka. Ya juyo gare ni. "Uwargida, cire mini waɗannan." Da na zare takalman na ga safarsa ta jiƙe da jini a dunduniya.

Washegari ɗan Manjo ya sami Baba a barga, fuskarsa ba jini. Ya ce tsohon bai ci abinci ba. Ya ce za a canja wa karen suna, ko a ba da shi ga wani, duk wanda Kaka ya zaɓa. Da Baba ya kawo saƙon, Kaka ya ce a bar dabba, ba ta san komai ba, kuma tsohuwa ce kamar su, ba za ta koyi sabon suna yanzu ba. Manjo ya bugo waya da kansa. Kaka ya karɓa, ya gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina sanyi, ina iyali, ina cinya, sannan ya miƙa wa Baba wayar. Daga ranar kuma ban ƙara jin ya kira Baba Manjo ba. Likita yake ce masa, kamar baƙo.

Kafin zafi ya shigo ya koma gida. An gaya mini tsohon tela ne ya fara tararsa a ƙofar zaure.

"To, Kofur, ya tuna da kai?"

"Ya tuna," in ji Kaka. Bai ƙara komai ba, kuma ba a sake jin labarin Bama a ƙofar zauren nan ba.

Manjo ya rasu a Doha da zafin shekarar da ta biyo. Da Baba ya faɗa wa Kaka ta waya, sai ya tambaya, karen fa? Karen ya riga shi da 'yan watanni. Ɗan ya ce a bayan gari aka binne shi cikin yashi, kuma tsohon ya hana a kafa dutse. Duwatsun Ingila kuwa ban san abin da ya same su ba. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Yau shagunan Mushairib da Kaka ya shinshina gwangwani babu su. An rushe, an yi fararen gine-gine, jirgin ƙasa na wucewa ta ƙarƙashi. In na fito daga aiki da yamma nakan ga mutane suna yawo da karnuka a igiya, wasu har da riga, kuma ba Turawa kaɗai ba. Na yi aiki da wata Baturiya da ta ɗauki hutu don karenta ya mutu, na yi mata gaisuwa, kuma da gaske na yi. 'Ya'yana suna kiran sunan kawunsu gatsau a waya ba wanda ya ɗaga kai. Na san yanzu, fiye da yadda zan iya sani a lokacin, cewa mutumin nan ya ɗauki abin da ya fi so a duniya ya sa masa sunan. Sanin bai rage komai daga abin da na gani a barandar nan ba.

Tun a lokacin ma na so in yi wa Kaka wannan bayanin. Ana gobe zai tafi, Baba ya kai mu bakin teku da hantsi, muka zauna a kan dakali muna kallon jiragen katako. Na riga na tambayi malamarmu ta Turanci, ta ce a ƙasarsu wannan girmamawa ce babba. Na kwashe duka na faɗa masa, ina jin na kawo magani.

Ya saurare ni har na gama, idonsa a kan ruwa.

"Na sani, Uwargida," ya ce. "Tun kafin ya rufe baki na gane. Da zagi ne ai da sauƙi, sai in rama mu rabu. To, wannan da me ake ramawa?"